Laɓe a Bayan Zanan Inna Zulai

A Guci, in mata biyu suna zancen sirri suka hango mutum ya doso, sai su juya magana su koma kan tsadar mai. Amma in Hinda ce ta doso, ba mai juya komai. "Ci gaba, Hinda ce," haka suke cewa, sai ka ce kaza ce ta gitta. Kuma wannan yabo ne, irin wanda ba kowace ungozoma ke samu ba. Shekara da shekaru tana karɓar haihuwa a asibitin garin, ba a taɓa jin asirin wata ya fito daga bakinta ba. Abin da mutanen Guci ba su sani ba, maganar ma ba ta shiga kunnenta, balle ta fita.

To, wannan halin kirkin ne ya tashi ja mata asara.

An zaɓe ta cikin waɗanda za a tura Gana koyon aiki da na'urar duba ciki, wadda ake ɗora wa mai juna biyu a ga yadda ɗa ya kwanta. Dosiyen takardunta ya wuce, bursu, wato tallafin karatu, ya fito, mijinta ya ce Allah ya sa a je a sa'a. Sharaɗi ɗaya ya rage, takardar shaidar tana jin Ingilishi. Ta je Kano ta zauna jarrabawar. Karatu ta ci, rubutu ta ci, magana ma ta taɓuka abin kirki. Sashen saurare ne ya yi mata ƙafar ungulu, wanda ake maƙala wa mutum abin ji a kunne, a kunna murya sau ɗaya tak ba maimaici, shi kuma ya riƙa cika amsa a takarda. Masu bursu suka ce za su yi mata haƙuri ta sake sau ɗaya kafin damina ta faɗi. In ta kuma faɗuwa, gurbin ya tafi ga wata, mata masu ciki na Guci kuwa su ci gaba da hawa kabu-kabu zuwa Magariya in ana son a san kwanciyar ɗa.

Shi ya sa duk Asabar take sammako ta tafi Magariya wajen Mushe Rabilu, malamin Ingilishi a wata lakwal, makarantar boko ta garin. Siriri ne, mai saurin fushi da saurin hucewa, kuma ya yi zaman karatu a Najeriya, har yanzu in ransa ya ɓaci da Ingilishi yake faɗa. A gindin darbejiyar ƙofar gidansa yake shimfiɗa tabarma, ya ajiye 'yar rediyo mai cin katin memwar irin na waya, da muryoyin gwaji a ciki, tsakaninsu.

Ya koya mata dabarun da ya sani. Ta karanta tambayoyi tun kafin murya ta fara. Kada ta tsaya makokin amsar da ta wuce, don murya ba ta jiran kowa. "Kuma Madam, Bature ba ya doguwar gaisuwa," in ji shi. "Kina can kina jiran a tambayi gida da gajiya, shi ya riga ya faɗi sunansa da unguwarsu. Sannan ki kula da mai sauya magana. Zai ce Talata, ki rubuta Talata, sai ya ce a'a, Alhamis ta fi. Nan ne ramin da suke haƙa muku."

Hinda ta riƙe duk wannan. Amma sakamakonta bai motsa ba, kuma abin da ya ɗaure wa Mushe Rabilu kai shi ne inda take faɗuwa. In ya kunna mata wani tsoho yana bayani shi kaɗai a kan yadda ƙudan zuma ke gane hanyar gida, da manyan kalmomi masu sarƙe harshe, sai ta kwashe amsoshin kaf. In kuwa ya kunna wata mata tana waya da mai gidan haya, maganar da ɗan aji na farko zai gane, sai takarda ta dawo fara fat.

"Madam, abin nan naki akwai aljani a ciki," ya ce wata Asabar. "Mai wuya ki ci, mai sauƙi ki faɗi? Ina aka taɓa haka?"

"Ni ma ban sani ba, Mushe. Sai in ji kamar an yi ruwa an ɗauke, in farga an gama."

Ya sake kunna matar da mai gidan hayar, amma wannan karon bai dubi takarda ba, fuskarta ya tsura wa ido. Murya ta farko ta yi sallamarta, ta biyu ta amsa. Nan take idon Hinda ya sauka ƙasa, yatsunta suka kama gefen hijabi suna murzawa, leɓɓanta suka fara motsi a hankali. Ya danne rediyon.

"Me kike karantawa?"

"Ni? Ba komai."

"Kai, Madam! Ga bakinki na motsi ina kallo."

Ta yi kasaƙe, ta bi sawun abin da ke kan harshenta. Sai ta ji ta a tsakiyar Ƙulhuwallahu. Kunya ta rufe ta, ta sa hannu ta kare baki.

A nan sai mu koma baya kaɗan. Mahaifin Hinda, marigayi Malam Mamadu, shi ne mutumin da ake kai wa rigima a unguwarsu. Rikicin gado, iyakar gona, miji da mata, duk a zaurensa ake kwance su, kuma tsakanin zauren da tsakar gida zana ne kawai. Matarsa Inna Zulai ta san in magana ɗaya ta tsallake zanan nan ta shiga gari, mutuncin gidan ya zube. Don haka ta kafa doka: duk yaron da ya ji mutum biyu suna zancen da ba da shi ake ba, ya sunkuyar da kai ya kama Ƙulhuwallahu har su gama. Wanda ta kama ya kasa kunne, kunnen take murɗewa. "Mai laɓe zaginsa yake ji," haka take cewa. Ƙannen Hinda sun bi dokar ne a gaban idon Inna, bayan idonta su sha labari. Hinda kuwa, da yake ita ce 'yar fari, kuma ba ta da wata hanyar faranta wa uwar da ba ta ko kallonta ido da ido, sai ta riƙe dokar da gaske har ta zama mata jiki.

Da ta ba Mushe Rabilu wannan labari, sai ya kama haɓa. Ya yi kamar zai yi dariya, ya ga ba wurinta ba ne.

"To ai rabin jarrabawar nan laɓe ne, Madam. Mutum biyu na zancensu, ke kina gefe kina tsinta. Wannan ba ni da maganinsa a rediyo. Ranar kasuwar Guci ki shiga cikin mutane ki saurari hirar da ba taki ba, da Hausa ma, ki zo ki ba ni labari."

Ranar kasuwa ta yi shiri kamar mai zuwa sata. Ta tsaya kusa da wata mai ƙuli-ƙuli da ƙawarta, tana juya ƙullin ƙuli-ƙuli a hannu kamar mai saye. Ta ji mai ƙuli-ƙulin ta ce, "Wallahi tun da ya dawo daga Libiya bai ko..." Iyakar abin da ta ji ke nan. Da ta farga, ga ta can ƙarshen kasuwa wajen masu tukwane, surar ta zagayo ba ta san sau nawa ba, ƙuli-ƙulin mutane na hannunta. Ta koma ta mayar, ta ba da haƙuri. A motar Magariya ma ta gwada, mutum biyu a bayanta suna ta musu a kan wani rago, ta sauka ba ta san ko an sayar da shi ba.

Abin ya ishe ta. Zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma-yamma, manoma sun fara gyaran gona, ranar jarrabawa na matsowa. Sai ta kai kukanta wajen Gwaggo Saratou, ƙanwar mahaifinta, wadda ta goye ta tana ƙarama, kuma gidanta ke jingine da na Inna Zulai. Gwaggo Saratou mace ce mai faɗin baki da faɗin zuciya, ba abin da ke wucewa a Guci bai biya ta kunnenta ba. Ta saurari bayanin har ƙarshe, sannan ta fashe da dariya har da buga cinya.

"Lallai duniya ta zo ƙarshe! Turawa sun mai da gulma jarrabawa? Ni za a tura, 'yar nan! Wallahi da ni ce, har abin da ba su faɗa ba sai na rubuto musu."

"Gwaggo, ni abin kuka ne a wurina."

"Na sani, na sani. Share hawayenki." Ta kalli zanan da ya raba gidajen biyu. "Kowa ya ɗaure kura, shi ya san yadda zai kwance ta. Je ki, ki bar ni da matar yayana."

Hinda ba ta sa rai da komai ba. Tsakaninta da Inna akwai kunyar 'yar fari, wadda Inna ta riƙe irin ta mutanen da. Tun da aka haife ta, Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba. In za ta aike ta, sai ta ce "ke". In za ta yi zancenta, sai ta ce "waccan", ko "'yar Saratou". Ranar da Hinda ta karɓo takardar zama ungozoma, Inna ta ɗaga kai ta ce "to", ta ci gaba da tankaɗe. Maganar Gana kuwa, ko uffan ba ta ce ba, har Hinda ta ɗauka ba ta so.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, Gwaggo ta aika aka kira ta. Ta tarar an shimfiɗa 'yar tabarma a gindin rumbu, dab da zana, ta ɓangaren gidan Gwaggo.

"Zauna nan," in ji Gwaggo. "Uwarki ce ta ce. Kada ki tashi, kada ki yi tari."

Ta zagaya ta shiga gidan Inna. Ta tsakanin karan zana Hinda na hango su sama-sama, sun sa ƙwaryar gyaɗa a tsakiya suna ɓarar iri. Suka gaisa, suka taɓa zancen zafi. Muryoyi biyu, zancen da ba da ita ake ba. Kan Hinda ya sunkuya da kansa, yatsunta suka nemo gefen hijabi, harshenta ya kama hanyar da ya saba.

Sai muryar Inna ta ɗaga kaɗan.

"Saratou, in akwai mai karatu a bayan zanan nan, ya dakata. Allah ba ya gudu, zai same shi bayan na gama."

Hinda ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. Harshenta ya tsaya cak.

"Ki ji da kyau, Saratou, don sau ɗaya zan faɗa, ba zan maimaita ba. Kin tuna shekarar da aka ɗauke ni a amalanke?"

"Ina zan manta, Yaya Zulai? Ni na riƙe kanki."

"Na kwana na wuni ina naƙuda. Tsofaffi na ta ba ni rubutu ina sha, suna cewa in ƙara nishi. Ashe yaron a gicciye yake, ba wanda ya sani, ba mai idon da zai gani. Da aka kai ni Magariya, likita ya ce da an gane tun ciki bai tsufa ba, da an san abin yi. Namiji ne, aka ce. Ni ban gan shi ba."

Ɓawon gyaɗa na ƙara a hannunsu, ƙas, ƙas. Hinda ta san an taɓa yi wa Inna wata haihuwa da ba a samu ɗan ba, amma ba wanda ya taɓa gaya mata yadda aka yi.

"Ranar nan, da amalanke ya fita gari, na buɗe ido na hango waccan tana bin mu da gudu. 'Yar mitsitsiya, ko zane ba ta iya ɗaurawa ba. Ta riƙo mini takalmina, wai na manta. Na dama... a'a, na hagu ne, na daman ya faɗi mata a hanya. Tana gudu tana ɗaga shi sama don in gani. Na gani, Saratou. Ban ce mata komai ba. Ina zan iya, ga surukai a kewaye da ni, ita kuma 'yar fari? Amma duk tsawon hanyar nan, da na ji zan tafi, sai in ce a raina, wa zai karɓi takalmin nan a hannunta? Shi ya riƙe ni."

Gwaggo Saratou ta share ido da bakin zane, Inna ta ci gaba.

"Ni na toshe mata kunne, kuma ban yi nadama ba. Gidan Malam gidan asirin mutane ne. Amma Malam ya tafi, zaure ya zama wurin ajiye buhu, ni kuma ban san har yau tana riƙe da maganata ba. Sauran duk sun yar tun suna yara, ita kaɗai ta riƙe. To yau na sake ta. Ta saurari na Turawa, ta saurari na kowa, in dai don kada a sake ɗora wata a amalanke ne. Ai ba kunne ke ɓarna ba, baki ne, bakinta kuwa duk Guci an shaida shi."

Inna ta ja numfashi. Da ta ci gaba, muryarta ta yi ƙasa, sai da Hinda ta matsa ta manna kunnenta da zana, abin da ba ta taɓa yi ba tun da take.

"Ana cewa ba na son tafiyar nan. Ni kuwa tun ranar da na ji, ban sha ruwa ba tare da na roƙa mata ba. Hindatu tawa ce fa, Saratou. Hindatu tawa."

Ba ta taɓa jin sunan nan daga wannan bakin ba. Ashe haka yake fita, a hankali, da ɗan jan ƙarshe. Ta cusa gefen hijabi a baki don kada kukan ya fito, hawaye na sauka a kan tabarma. Daɗi da tausayi suka haɗu suka cika mata ƙirji, har ta rasa wanne ya fi.

Can sai ga Gwaggo ta zagayo, idanunta jajur, tana fyace hanci da bakin zane. Ta tsaya a kanta ta riƙe ƙugu.

"To ɗaliba, a rufe littafi. Tambaya ta farko: me yarinyar ta riƙo?"

"Takalmi, Gwaggo."

"Na wace ƙafa?"

"Na hagu. Na daman ya faɗi a hanya."

"Ta ci!" Gwaggo ta rangaɗa guɗa. "Yaya Zulai, kin ji? Ba ta faɗa ramin ba!"

Daga can ciki Inna ta ce, "Ke dai ba ki da aiki, Saratou. Zo ki ƙarasa gyaɗar nan."

Ba a rana ɗaya kunnen ya buɗe duka ba. Asabar ta gaba leɓɓanta sun motsa sau da dama, tana kama su tana mayarwa. Amma matar nan mai neman haya, a ƙarshe Hinda ta san ɗaki mai taga biyu take so, kuma ba ta son kusa da titi. Mushe Rabilu ya duba takardar, ya sake dubawa, ya ce, "Madam, wane malami kika je wa?" Ta ce na gida ne. Ranar kasuwa kuma ta samo ƙarshen labarin mutumin Libiya, ta ji, ta haɗiye, ba ta gaya wa kowa ba, har Mushe da ya nace.

Ranar jarrabawa a Kano, ɗakin da sanyi kamar cikin randa. Aka maƙala musu abin ji, ta karanta tambayoyi tun kafin a fara. Murya ta ce a kula, sau ɗaya za a kunna. Sai wani namiji ya yi magana, wata mace ta amsa. Kan Hinda ya fara sunkuyawa, tsohuwar al'ada ta taso. Ta ce a ranta, Allah ba ya gudu, zan same shi bayan sun gama. Ta ɗaga kai, ta kasa kunne sosai, ta shiga cikin zancen bayin Allahn nan biyu da ba su san da ita ba.

Sakamakon ya iso ta waya ranar da aka yi ruwan shuka. Ta karanta a asibiti, ta sake karantawa, ta ɗauki hijabi ta fita cikin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙafarta ta kai ta ƙofar gidan Inna, ta ji ana daka a ciki, dum, dum. Ta tsaya. In ta shiga, ta san abin da zai faru: Inna za ta ce "to", ta ci gaba da daka, su biyun duk su haɗiye abin da ke ransu. Sai ta juya ta shiga gidan Gwaggo, ta ja ta har gindin rumbu, dab da zana.

"Gwaggo, ina da magana da ke. Sau ɗaya zan faɗa."

Gwaggo ta dubi zanan, ta dube ta, ta gane. "Ina jin ki, 'yar nan. Ɗaga murya, kunnena ya fara nauyi."

"Na ci jarrabawa. Zan tafi Gana bayan kaka, in dawo Guci da aikin nan. Kuma Gwaggo, takalmin nan da ake zance, na tuna shi. Na kwana da shi a ƙarƙashin kaina har aka dawo da mai shi. Ban taɓa zaton ta gan ni ba. Da ban ci jarrabawar nan ba ma, abin da na ji a nan wurin ya ishe ni har in mutu."

Sai a lokacin suka lura dakan ya tsaya. Ba su san tun yaushe ba. Ta tsakanin karan zana ana hango zane mai ruwan bula, dab da su, ba ya motsi.

Gwaggo Saratou ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Yaya Zulai, matar Malam guda, laɓe kike yi mana?"

Zanen ya ɗan motsa. Sannan muryar Inna ta fito, a dushe.

"Wane laɓe? Taɓarya ce ta yi mini nauyi." Ta ja hanci. "Ki ce wa waccan ta shigo ta karɓe ni."